Mai Baki Bakwai

A 'Yar Kutungu, rumfar Sallau mai kwaɗo,
tsakanin makullai da batura da tocila,
ya zube mini su bisa buhu
kamar kifin Ajiwa:
ja, baƙa, mai ruwan azurfa,
da wata mai baki ashirin, kauri kamar sabulun wanki.

Hannuna ya nufi ƙatuwar.
Ya ce, "Aje ta.
Wagga ta masu nuni ce.
Sati guda ta huda maka aljihu, ka bar ta gida,
wuƙar da ke gida kuwa
ba ta yanka igiya a Kaita.
Faɗa mani, mi ka taɓa nema ka rasa?"

Na yi shiru ina ƙirga.
Ranar da waya ta tsinke a babur, hanyar Mashi,
na fere ta da haƙori.
Daren da sartse ya shige tafin Sahura,
muna tono da allura, tana ihu.
Gwangwanin tumatir da ƙusa da dutse.

Sai ya ɗauko siririya, mai baƙar ƙota.
"Buɗe. Saurara."
Ta ce ƙas.
"Wadda ba ta magana in an buɗe ta,
wata rana a yatsanka za ta rufe.
Kaɗa ta kusa da kunne.
Ka ji motsi? To, babu sako-sako."
Ya goga ta a damtse, gashi ya zuba.
Na taya, ya ce albarka,
na ƙara, ya kau da kai,
na miƙe, ya ce kawo.

Wuƙa, almakashi, sukundireba,
zarto ɗan mitsitsi, hantsaki, mabuɗi,
sai wani murɗaɗɗen ƙarfe kamar gashin tunkiya.
Shi ma Sallau bai san aikinsa ba.
Ya ce, "Kowane gida da ɗan zaman kashe wando."

Shekara huɗu ke nan.
Ta fere mangwaro, ta kankare rake,
ta raba goro ɗaya ga mutum biyar a wurin zaman makoki.
Ta datse zaren da ya zarce a wuyan rigar ango
saura taku uku ya shiga masallaci.
Ba na ba yaro aro.
Ba na banƙarar murfin fenti da bakinta,
na yi sau ɗaya, ga gibin nan.
Ran Juma'a na ɗiga mata man keken ɗinki,
in share da gefen tsumma.

Wata Laraba, shingen hanyar Jibiya,
aka ce kowa ya sauko.
Ɗan sanda ya lalube ni, ya zaro ta,
ya ɗaga sama. Motar ta yi tsit.
"Malam, mi ke nan?"
Bakina ya bushe.
A ƙasar nan, yanzu, ƙarfe a aljihu
ba ya rasa mai yi masa fassara.

Sai na lura da tabaransa,
hannu ɗaya ɗaure da zaren buhu.
Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni su biyun."
Ya yi jim. Ya miƙo.
A kan gwiwata, rana na dukan ƙeya,
na ɗaure ɗan noti ƙanƙane kamar ƙwayar gero.
Ya sa, ya kaɗa kai, bai faɗo ba.
Ya juya ta a tafinsa, ya daɗe,
sannan ya ce, "Nawa ka saye ta?"

Murɗaɗɗen nan kuwa,
bara da damina igiyar guga ta ƙulle tamau,
farce ya kasa, haƙori ya kasa.
Na zura shi a cikin ƙullin, na murza,
ya saki.

Na je in gaya wa Sallau.
Na tarar da ɗansa a rumfar, yana sayar da caja.